Tsanin Aikin Gwamnati a Arewa: Wa Ke Hawa, Wa Ke Faɗowa?

Mai karatu, idan kana cikin masu bin littattafan soyayya tun daga shekarun 1990, na tabbata ka sha cin karo da wannan bawan Allah: Alhaji wane, mahaifin yarinyar da ake rigima a kanta, babban ma'aikacin gwamnati, gidansa na unguwar Nassarawa, direba na jiransa a ƙofa, masinja na biye da shi da jaka. A fim ma haka abin yake. Da zarar an nuno mutum a bayan ƙaton tebur da tarin fayil a gabansa, to an gama gaya maka cewa wannan kakarsa ta yanke saƙa. Marubutanmu ba su cika tsayawa su faɗa mana yadda aka yi ya hau kujerar ba, balle abin da ke iya tunkuɗo shi daga kanta. Wannan gurbi da suka bari shi nake so mu leƙa a wannan wata.

Abin da za ka gani shi ne, mudun da ake auna ma'aikaci da shi a ƙasar nan bai taɓa zama guda ba. Yau asali, gobe satifiket, jibi jihar da aka haifi kakanka, gata kuma kwamfuta. A da, in kiɗa ya canza, gwamnati ce da kanta ke kama hannun ma'aikacinta ta koya masa sabuwar rawar. Daga 1975 aka sakar masa hannu, aka bar shi ya koya da kansa, kuma yawanci a wajen ofis ya je ya koyo.

Bari mu faro daga tushe. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su da isassun mutanen da za su riƙe musu ƙasa mai faɗin nan, sai suka bar sarakuna a kan gadonsu, suka ɗora musu Razdan da Di'o. Tun wajen 1911 aka shiga kafa Baitulmali a masarautu, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi. A nan aka haifi ma'aikacin En'e: ma'aji, magatakarda, malamin haraji, malamin daji, malamin asibiti, duba-gari, yari, ɗan doka. A gefe guda kuma akwai aikin Gwamna, wato reluwe da gidan waya da ma'aikatar ayyuka da ofisoshin lardi. Manyan kujerun can na Turawa ne zalla, akawunan kuwa galibi 'yan Kudu ne da mutanen Gwalkwas da Saliyo, mazauna Sabon Gari, domin su ne suka riga mu shiga makarantun boko.

Ɗan Arewa da ya fito daga makarantar Ɗan Hausa ta Kano, wadda aka buɗe a 1909, ko Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922, hanyarsa ba ta wuce biyu ba: ko allo da alli, ko ofishin En'e. A En'e kuwa, kome iliminka, abin da ke ɗaga ka shi ne gidan da ka fito da ubangidan da ka kama. Wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ita kuma faɗuwa ba ta da wuya, har ga 'ya'yan sarauta. Ahmadu Bello da kansa, bayan ya yi koyarwa a Midil ta Sakkwato ya zama hakimin Raɓa a 1934, sai da aka gurfanar da shi a 1943 bisa zargin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. In jikan Shehu zai ga haka, ina ga ɗan talaka mai riƙe da littafin rasit? Malam Aminu Kano kuma, da bakinsa ya yi yawa a Bauchi, can Maru aka tura shi, daga bisani ya ajiye aikin koyarwar gaba ɗaya a 1950 ya rungumi siyasa. A cikin Agustan shekarar ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

To amma kada ka ɗauka zamanin ba shi da nasa alheri. Kai da kake makarancin littattafai, ka san sunayen waɗanda suka yi fice a gasar 1933: Abubakar Imam, Bello Kagara, Tafawa Ɓalewa, Muhammadu Gwarzo, John Tafida. Dukkansu masu cin albashin hukuma ne, galibinsu malaman makaranta. Ɗauki Imam kaɗai. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Rupert East ya ga hannunsa, aka aro shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, aka ba shi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939, daga ƙarshe ya zauna shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, yana tantance waɗanda za a ɗauka. Malami, marubuci, ɗan jarida, kwamishina. Duk wannan sauyin a cikin aikin hukuma ya yi shi, kuma a kowane mataki akwai wanda ya hango baiwarsa ya matsar da shi gaba. Riƙe wannan a ranka, za mu buƙace shi nan gaba.

A 1954 aka raba aikin gwamnati, kowace jiha ta sami nata ma'aikatan, Sardauna ya zama Firimiyan Arewa. Da ya duba ofisoshin Kaduna sai ya tarar sama Turawa, tsakiya 'yan Kudu, 'yan ƙasa kuwa sai masinja da ɗan abin da ba a rasa ba. Ga 'yancin kai na ƙaratowa. Daga nan aka fito da manufar mayar da aikin hannun 'yan Arewa: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ba, in babu, a ɗauki baƙo bisa kwantaragi har a horar da na gida. 'Yan Kudu sun ji zafin wannan manufa ƙwarai, kuma har gobe ana muhawara a kanta. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka aiwatar da ita, domin ba ɗauki-ɗora aka yi ba. Makarantar horar da akawuna da ke Kongo a Zariya aka ɗaga ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954. Aka riƙa zaƙulo malaman makaranta da akawunan En'e da 'yan sakandare masu kaifin kai, a kai su Kongo su yi kwas mai tsanani, a fito da su mataimakan Di'o, a tura su lardin da ba nasu ba su yi rangadi a ƙarƙashin Baturen da za su gada. Wasu aka wuce da su Ingila. Da aka kawo sabon kundin dokokin laifuffuka na Final Kod a 1960, alƙalai da ma'aikatan kotu ma Kongo aka riƙa kai su su koyi aiki da shi, ba a ce su tafi gida tunda ba su iya ba.

Ga misalin irin mutanen da wannan tsari ya ƙera. Ali Akilu, wanda ka san sunansa a babban titin Kaduna, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama Sakataren Firimiya kuma shugaban ma'aikatan jiha, ya gaji Bature Bruce Greatbatch. Ahmed Joda, mutumin Yola, aikin gona ya fara karantawa a Ibadan, ya koma aikin jarida a kamfanin Gaskiya, ya shiga rediyo, ya zama babban sakatare a Kaduna, aka ɗauke shi zuwa Legas lokacin yaƙin basasa. Liman Ciroma kuwa ilimin tono kayan tarihi ya karanta a Ingila, amma ya ƙare a matsayin Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1977 zuwa 1979. A lokacin, abin da ka karanta ƙofa ce kawai. In ka shiga, aikinka ne zai nuna ɗakin da za a kai ka. Kuma ma'aikacin ya san abu guda: in bai yi sata ba, bai yi laifin da aka kafa masa kwamiti aka saurare shi ba, to kujerarsa tana nan har ranar ritaya, fanshonsa na jiransa. Wannan tabbacin shi ne jarinsa. Shi ya sa yake iya rubuta wa minista a cikin fayil cewa, ranka ya daɗe, wannan bai yiwuwa.

Sai 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Aka kashe Firimiya a Janairu, aka yi kashe-kashen da suka sa 'yan Gabas suka tattara suka koma gida, reluwe da gidan waya da wutar lantarki suka wayi gari babu ma'aikata, aka shiga horar da matasa cikin gaggawa. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12, shida a Arewa. Da jihohin suka fara aiki a Afrilun 1968, aka raba ma'aikatan Kaduna kamar gado, kowa aka ce ya nufi jiharsa ta asali: Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, wasu suka tsaya a Kaduna. Ga wasu, wannan gaba ta kai su. Mutumin da a tsohuwar Arewa sai ya yi shekara goma a layi, ya wayi gari babban sakatare, don jiharsa ba ta da wani. Ga wanda jiharsa ke da 'yan boko da yawa kuma, sai ya tarar layin ya ƙara tsawo. Tun daga ranar takardar shaidar asali ta shiga cikin mudun, kuma duk lokacin da aka ƙara jihohi, a 1976 da 1987 da 1991 da 1996, sai an sake wannan rabon, har da sallamar waɗanda aka ce ba 'yan jiha ba ne bayan sun tsufa suna yi mata aiki. A wannan tsakanin ne kuma aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne ta gaba ɗaya.

Yanzu mun iso shekaru biyun da suka juya komai.

Tambayi duk wani dattijo a unguwarku mene ne Udoji, za ka ga ya yi murmushi kafin ya amsa. Jerome Udoji shi ne shugaban kwamitin da Gowon ya kafa a 1972 don duba aikin gwamnati, ya miƙa rahoto a 1974. Rahoton nan babba ne. Shi ya kawo matakan albashi daga na 01 zuwa na 17 da ake amfani da su, ya kuma ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a riƙa horar da shi a kai a kai. Amma kuɗin mai sun shigo, gwamnati ta kama ɓangaren albashi ta yi gaba da shi. Mafi ƙarancin albashi ya koma N720 a shekara, wato N60 a wata, aka kuma biya ariyas tun daga Afrilun 1974. Kai, an sha biki! Masu babur suka sayi mota, masu keke suka sayi babur, rediyo da talabijin da firji suka shiga gidaje, wasu suka ƙara aure. 'Yan kasuwa ma ba su yi barci ba, nan da nan farashi ya bi kuɗin a guje. Zancen auna aiki da horo kuwa, aka bar shi a cikin fayil.

Ba a gama cin kuɗin ba sai ga Janar Murtala Muhammed ran 29 ga Yuli 1975. Jama'a sun gaji da jan ƙafa da cin hanci da girman kan manyan sakatarorin zamanin Gowon, waɗanda ake ganin sun fi kwamishinoninsu ƙarfi. Murtala ya ɗauko tsintsiya. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata sama da 10,000: alƙalai, manyan sakatarori, malaman jami'a, 'yan sanda, jami'an kwastan, har da masinjoji da direbobi. Dalilan da ake bayarwa su ne rashawa, lalaci, tsufa, rashin lafiya, ko raguwar ƙwazo. Da yawa a rediyo suka ji sunansu, tare da kalmar da ta zama tambarin zamanin: nan take. Mutum ya fita ofis da safe da motar gwamnati, da yamma an ce ya ba da makullin mota da na gida.

Mutanen Kano ba sa son a taɓa Murtala, kuma suna da hujja, don an ga canji a ofisoshi, an ga ma'aikaci na rige-rigen isa aiki kafin ƙarfe takwas, kuma cikin waɗanda aka kora akwai ɓarayi na gaske. Amma gaskiya ɗaya ce daga ƙin ta sai ɓata. An yi aikin ne ba tare da an saurari mafi yawansu ba. Shugabannin ma'aikatu aka ce su kawo sunaye, wasu kuwa suka sami damar huce tsohuwar gaba, suka haɗa mai laifi da marar laifi. Akwai mutanen kirki da suka yi shekara ashirin da ɗoriya ba su mallaki ko fili ba, don sun dogara da gidan gwamnati da fansho, suka koma gidan haya ko ɗakin soro a gidan gado. Na baya suna kallo. Darasin da suka ɗauka ba wanda Murtala ya yi nufi ba ne. Abin da suka karanta shi ne: kujerar nan aro ce, ka gina naka tun kana kai, kuma kada ka kuskura ka ce wa na sama a'a. Yawancin waɗanda suka yi rubutu a kan aikin gwamnatin Nijeriya, har da tsofaffin manyan sakatarori, a kan wannan shekara suke ɗora yatsa in an tambaye su ranar da tulun ya tsage.

Daga nan fa sai gangara. Shagari ya sa hannu a mafi ƙarancin albashi na N125 a 1981 bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, lokacin naira ta fi dala daraja, kuɗin sun kai kimanin dala 200. Shekara guda bayan haka farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu, malaman firamare suka riƙa yin watanni babu albashi. Buhari da Idiagbon suka zo a ƙarshen 1983, aka sake wata sallamar, aka kuma ga soja na sa magidanci tsallen kwaɗo a ƙofar sakatariya don ya makara. Babangida ya kawo shirin SAP a 1986, aka karya naira, kafin a ankara dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, ta ci gaba da hawa. Albashin da ke riƙe gida wata guda ya koma na mako biyu, daga baya na mako ɗaya.

To a nan ne ma'aikaci ya koyi sabuwar rawar da babu wanda ya koya masa. Motar da aka saya da kuɗin Udoji ta koma kabu-kabu da yamma. Babur ya koma acaɓa. Malama ta shigo ofis da atamfa da turare a jaka tana bayarwa bashi sai ƙarshen wata. Adashi ya zama banki. Mai gona ya koma gona, har ranar aiki in damina ta kankama. Wanda ke kusa da fayil ɗin kwangila kuwa, ka san sauran. Wannan duk iya zama da zamani ne, babu musu, amma dubi inda basirar ta tafi. Ta Abubakar Imam cikin aikin ta zuba. Ta ma'aikacin zamanin SAP waje ta kwarara, ofis ya zama wurin sa hannu a rajista.

Mu masu kallon fim har mun ci ribar wannan kwararar ba mu sani ba. Wasan kwaikwayon Hausa a gidajen gwamnati ya girma, a rediyo da talabijin na Kaduna, da NTA, da CTV ta Kano da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne kuma ma'aikacin gidan rediyon tarayya na Kaduna. Da kuɗi suka ƙafe a tashoshin nan, ƙungiyoyin wasa suka fara neman mafita a kaset, har Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a 1990, kuma waɗanda suka koyi riƙe kyamara da tace hoto a gidajen talabijin na gwamnati suna cikin waɗanda sabuwar sana'ar ta jingina da su. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma'aikacin gidan yari ne, ya shiga a 1991, ya yi shekara takwas yana haɗa kaki da wasa kafin ya ajiye kakin. Taura biyu ba ta taunuwa, ya zaɓi wadda ta fi tsoka, kuma babu wanda zai ce ya yi wauta.

Gyare-gyaren da suka biyo baya ba sai mun daɗe a kansu ba. A 1988 Babangida ya yi doka mai lamba 43, ya soke muƙamin babban sakatare ya mayar da shi darakta-janar, wanda zai zo da gwamnati ya tafi da ita. Wato ƙololuwar tsanin ta koma hannun siyasa. Abacha ya kafa kwamitin Allison Ayida a 1994, aka soke dokar aka dawo da tsohon suna, sai dai ɗabi'ar neman uban gida ba ta bi dokar ta tafi ba. A 1996 aka kafa hukumar raba daidai a ayyukan tarayya, wadda tushenta ke cikin tsarin mulkin 1979.

Abin da ya fi taɓa ƙaramin ma'aikaci shi ne satifiket. A ƙa'idar aikin tarayya, wanda ke mataki na 06 zuwa ƙasa yana jiran shekara biyu kafin ƙarin girma, daga na 07 zuwa na 14 shekara uku, daga na 15 zuwa sama shekara huɗu, in akwai gurbi, in kuma ya ci jarrabawa. Amma takardar da ka shigo da ita ita ke yanka maka rufin ɗakinka tun ranar farko. Shekaru da yawa mai babbar difloma ba ya wuce mataki na 14 kome gwanintarsa, yana ji yana gani yaron da ya koya wa aiki, mai digiri, zai tsallake shi ya zama darakta (na ma'aikata fa, ba na fim ba). Shi ya sa ka ga magidanta masu furfura sun cika ajin yamma da na ƙarshen mako a jami'o'i, ba don karatun zai canza aikin da suke yi ba, sai don a huda rufin. Malaman firamare sun fi kowa ganin wannan. Da aka fara shirin ilimi kyauta na UPE a 1976, an kwashi matasa an ba su horon gaggawa an tura su aji, mai Gired Tu a lokacin sarki ne. Daga baya aka ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE. Wanda ya farga ya bi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ya yi karatu daga gida ya tsira. Wanda bai farga ba ya tsaya cik.

Zamanin Obasanjo na biyu ya zo da nasa mudun. A 2003 aka mayar da alawus-alawus kuɗi: babu sauran gidan gwamnati, babu mota, babu direba da kuku da mai gadi na gwamnati, a ba ka kuɗin ka ji da kanka. Aka sayar da gidajen gwamnati a Abuja, wanda ke da hali ya sayi wanda yake ciki, wanda ba shi da shi ya koma Nyanya ko Maraba ko Suleja yana sammakon mota. Direbobi da masu shara da masinjoji da yawa suka rasa aiki. Wato Alhajin nan na littattafanmu, mai direba da masinja, a aikin tarayya tun lokacin ya fara zama tarihi. Dokar fansho ta 2004 ta sa ma'aikaci ya riƙa tara wa kansa, ana cire kashi 7.5 cikin ɗari daga albashinsa gwamnati ta ƙara kwatankwacinsa, dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 da kashi 10. A 2007 aka fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na IPPIS, aka riƙa bankaɗo ma'aikatan bogi. Ka tuna ɗakin masu buga tafireta, inda ƙarar injin ke tashi tun safe? Mutum ya yi shekaru yana gwanancewa a saurin bugu da gajeren rubutu, sai kwamfuta ta shigo. Waɗanda suka cire kuɗi daga aljihunsu suka je shagon koyon kwamfuta a bakin titi sun zama 'yan gaban goshin oga. Sauran suka zauna suna lissafin shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Makarantun horo suna nan, akwai ta Badagry da aka kafa a 1973, akwai ta Kuru ta 1979, amma ƙaramin ma'aikaci ya san cewa zuwa kwas ya zama rabon alawus, kuma sunan ɗan mowa ke fara fita.

Mata kam sun taka rawar gani a wannan zangon. Ebele Okeke, injiniya, ita ce mace ta farko da ta shugabanci ma'aikatan tarayya a 2007, kuma wasu matan sun biyo bayanta a kujerar.

A sama kuma cunkoso ne ya yi yawa. Mutum ya zama darakta yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya zauna shekara goma sha biyar, na ƙasa da shi su tsufa suna jira. A 2009 gwamnatin 'Yar'aduwa, lokacin Stephen Oronsaye na shugaban ma'aikata, ta ce darakta shekara takwas zai yi ya sauka, babban sakatare huɗu, ana iya sabunta masa sau ɗaya. Waɗanda abin ya shafa suka yi kuka, wasu ma suka ce da Arewa ake, na ƙasa da su kuwa suka yi hamdala a ɓoye. Buhari ya dakatar da tsarin a 2016, aka dawo da shi a 2023. Ka ga mutum uku da suka shiga aiki rana ɗaya, ƙarshen kowannensu ya danganta da shekarar da ya taka mataki na 17 da wanda ke mulki a lokacin.

A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu a Jihar Kaduna, ta ce 21,780 ba su sami kashi 75 da aka gindaya ba, ta sallame su ta ɗauki wasu. Uban da ɗansa ke zaune a gaban malamin da bai iya haɗa jimla ba yana da gaskiya in ya yi murna. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ya ɗauki waɗannan malaman tun farko, da takardar wane ɗan siyasa, kuma sau nawa aka kai su kwas a duk shekarun da suka yi suna koyarwa? A 1960 alƙalin da bai san Final Kod ba Kongo aka kai shi. Zariya da Kaduna kuwa tafiyar awa guda ce.

Albashin fa? A 2011 mafi ƙaranci ya zama N18,000, a 2019 N30,000, a Yulin 2024 kuma N70,000, shekara guda bayan cire tallafin mai. In ka auna da canjin lokacin da aka sa hannu, N70,000 ba ta kai dala 50 ba, alhali N60 ta Udoji ta kusa dala 100, N125 ta Shagari kuwa ta ninka hakan. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kowace irin sana'a ta kansa, in ban da noma. Shago, kabu-kabu, dillancin fili, sayar da atamfa a ofis, a takarda duk laifi ne, a zahiri kuwa oga da yaronsa kowa ya san na kowa, kowa ya kau da kai. A Disambar 2021 Jihar Kaduna ta mayar da ranakun aikin ma'aikatanta huɗu a mako, kuma cikin dalilan da gwamnatin ta bayar da bakinta har da samar wa ma'aikaci lokacin zuwa gona.